Gidan Da Aka Hana Hayaƙi

An kashe wutar murhun Goggo Rafila ranar wata Talata da hantsi, kuma maƙwabcinta Gligor ne ya zuba ruwan. Sai da ta sha bokiti biyu kafin ta mutu. Wuta ce da ba a taɓa bari ta mutu ba tun ranar da aka kawo Rafila gidan tana amarya, shekara sittin da ɗaya ke nan. Da dare a binne garwashi cikin toka, da safe a tone a hura.

Toka ta turnuƙe ɗakin. Injiniya Octavian, shugaban ƙungiyar binciken tsofaffin gidaje da ta zo daga birni, ya ja da baya yana kaɗe kafaɗar kwat ɗinsa.

"Madalla," in ji shi. "Yau mun ceci wannan gida."

Goggo Rafila tana zaune a kan benci, hannuwa a cinya. Ba ta ko dubi Injiniya ba. Gligor ta duba.

"Ɗan Ispas, ranar da aka haife ka, a murhun nan aka ɗebi wutar da aka dafa ruwan wankanka."

"To ai na riga na wanku, Goggo," in ji Gligor. Ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Tun bayan narkewar ƙanƙara ne mutanen ƙungiyar suka fara zuwa, su huɗu, cikin wata mota da ba ta iya hawan tudunmu sai an tura. Manyan mutane, wani har da furfura, suka kwanta rub da ciki a ƙofar tsohuwa suna auna dokin ƙofa. Sati uku ana abu ɗaya. Sun auna bango, sun auna taga, sun ƙirga turakun katakon da aka harhaɗa gidan da su, tun da ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Har ramin da kyanwa take shiga sai da suka zana shi a takarda. Jinkar kuwa, tattaken karan alkama, baƙa wuluk, wadda ta ninka bangon sau biyu a tsawo, sun ɗauke ta hoto ta gabas sun ɗauke ta ta yamma sai ka ce amarya. Injiniya ya ce gidan ya haura shekara ɗari biyu, babu irinsa da ya rage a duk tsaunukan Apuseni, ƙila ma a duk Romaniya. Suka raɗa masa suna Gida Mai Lamba Sha Bakwai. Mai gidan dai "Mama" suke ce mata, don ba su riƙe sunanta ba.

Abu ɗaya ya tsaya wa Injiniya a rai: gidan ba shi da bututun hayaƙi. Wuta tana ci a ɗaki, hayaƙi ya bi ta wata kafa ya shige cikin jinka, ya riƙa tsatsowa ta cikin kara a hankali, in ka hango daga nesa sai ka ce gidan gumi yake yi. Malama Corina, mai rubuta musu bayanai, ta rubuta cewa mutanen wancan zamani ba su san bututu ba. Mutanen da suka haɗa gida ba ƙusa ya shekara ɗari biyu a tsaye, wai huda rami a sama ne ya gagare su.

Har wawan ƙauyen nan ya san aikin hayaƙin. Shi ke busar da kara, shi ke shafe azara da kunkunniya har ƙwaro ya kasa huda ta, shi ke korar ɓera. Rafila kuwa ta faɗa musu.

"Yaro, hayaƙin nan shi ne abincin jinkar. Ka hana ta, ta mutu."

Injiniya ya yi murmushi irin na likita a gaban mai gardamar allura. Ya ce Corina ta rubuta, magana ce mai daɗi, za ta dace da bangon littafi. Sannan ya juya wajen Gligor, wanda yake jingine a bakin ƙofa yana kallon ikon Allah.

"Malam Gligor, kai ɗan gari ne, kuma na ga ka waye, ka yi ginin bulo. Tsakani da Allah, hayaƙin nan yana da wani amfani in ban da haɗarin gobara?"

Gligor ya sani sarai. Shi da ubansa suka yi wa jinkar nan tattakin ƙarshe yana saurayi. Amma daga inda yake tsaye yana hango rumbunsa, taku goma sha biyu daga bangon Rafila, danƙare da ingiricin shanu shida. Shekara da shekaru ke nan ba ya barci mai nauyi, saboda tsohuwar da idonta ke ƙara dusashewa tana tonon garwashi a ƙarƙashin tulin kara. Gidan ubansa ma irin wannan ne. Da hannunsa ya rushe shi ya yi rufin kwano, bai kuwa taɓa kewarsa ba.

"Camfin tsofaffi ne," ya ce.

Shi ke nan. Aka kawo takarda mai shafi huɗu, Rafila ta dangwala yatsa, tun da ba ta karatu. Inda aka ce ƙungiya za ta kula da gidan har abada, an karanta mata shi dalla-dalla. Inda aka ce ba wuta, ba fitilar mai, ba kyandir, ba ashana, an bi ta kansa da gudu. Aka jawo waya daga gidan Gligor, aka kawo mata wani akwatin ƙarfe mai ɗumama ɗaki da rishon lantarki. 'Yar fitilar man da take ci a gaban hoton Maryamu aka cire ta, aka maƙala jan ƙwan lantarki irin na bayan mota. Gligor aka naɗa mai kula da gida, har da kati mai hotonsa.

Sanyin farko ta cinye shi a ƙudundune gaban akwatin ƙarfen, kamar kaza a kan ƙwai.

"Wannan abin naku gwiwa kawai yake gasawa," ta ce wa Gligor. "Baya kuwa ko oho."

"Sai ki juya masa bayan, Goggo."

"Ka ga tuwon masarar da rishonku ya yi? Alade ma in ya sansana sai ya kau da kai."

"Ai na ga kin cinye."

"Yunwa ce ta cinye, ɗan banza."

Duk ranar Lahadi in an tashi daga coci sai ta biya kanti ta sayi ashana ta ɓoye. Duk Litinin kuma sai Gligor ya shiga bincike. Ƙarƙashin matashi, cikin tukunyar gishiri, cikin safa. Ya kwashe ya kai gida ya jefa a durowar kicin. Matarsa Saveta tana kallonsa.

"Maigida, ka zama ɗan sandan ashana ke nan? Da furfurarka?"

"In rumbun ya kama, gashin kanki za ki ba shanun?"

"Tsohuwar nan ita ta karɓi haihuwar 'ya'yanka uku."

"Na hana ta ci ne, ko na hana ta sha?"

Saveta ta yi tsaki ta ci gaba da yankan albasa.

Da kaka ta biyu ta zagayo, jinkar da take baƙa ta koma kore-kore, gansakuka ta hau ta. Ɓeraye suka kafa gari a ciki, da rana tsaka ana jin tserensu. Wata safiya Rafila ta kira Gligor ta nuna masa akushinta. Garin katako ne a ciki, fari, mai laushi, daga sama ya zubo. Gligor ya kafa tsani ya leƙa. Ba wannan ƙaurin da ya sani tun yana yaro, sai warin ruɓa. Ya danna wuƙa a gindin wata azara inda ruwa ya sami hanya, ta shige kamar a cikin cuku.

Ya buga wa Injiniya waya.

"Kada wanda ya taɓa ko tsinke ɗaya!" in ji Injiniya. "Gida ne mai rajista. Sai kwamiti ya zauna, a turo gwani."

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Muna jiran amsar takardarmu."

"Ƙanƙara ba ta jiran amsa, Injiniya."

"Ka kwantar da hankalinka, Malam Gligor. Gidan da ya yi shekara ɗari biyu ba zai kasa wata huɗu ba."

Sun dai zo sau ɗaya, su uku, da 'yar kwalba. Suka kama ƙwaro guda suka rufe, wai za a kai a duba jinsinsa. Corina ta ce koren jinkar ya yi kyau a hoto ƙwarai. Suka zaunar da Rafila ta rera musu waƙar kaɗin ulu a cikin na'ura, tana yi tana tari. Gligor yana tsaye. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga in ya faɗa, dole ya ce ƙarya ya yi a gaban kowa, kuma wuta za ta dawo taku goma sha biyu daga ingiricinsa. Ya rufe bakinsa. Ya taya su tura mota.

Bayan tafiyarsu ya koma wajenta.

"Ki dawo wajenmu, Goggo, har sanyi ya wuce. Akwai ɗaki."

"In kwana a cikin gwangwaninka? In ruwa ya sauko kamar ana ƙwanƙwasa wa mutum kai da cokali? A gadon nan na rufe idon mijina, a kansa za a rufe nawa. Zo nan ka gani."

Ta buɗe akwatin katakon da ke ƙasan taga. Kayan da ta tanada wa ranarta ne a ciki: farar riga, baƙin ɗankwali, takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, da kyandir na kakin zuma mai kaurin yatsa biyu.

A wajenmu ba a barin mutum ya cika ba haske a hannunsa. Wanda ya tafi haka, cikin duhu zai yi ta lalube a can, kuma abin kunyar na wanda yake kusa ne har ƙarshen ransa. Mashayi ma in ya faɗi a kwata, da gudu ake zuwa a kunna masa.

"'Yata tana Italiya tana wanke tsofaffin wasu," in ji Rafila. "Kai ne kusa, ɗan Ispas, ba don na zaɓa ba. Kai za ka kunna mini."

"Ke da za ki binne mu duka."

"Ka ce to."

"To."

Za ta rufe akwatin sai ya hango kwalin ashana a ƙarƙashin farar rigar. Ya sa hannu ya ɗauke.

"Wannan ta ranar ce," ta ce a hankali. "Ba ta girki ba ce."

"In ranar ta zo, ina da ashana."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe akwatinta.

Kwamiti bai zauna ba. A watan Maris ƙanƙara ta sauko, irin jiƙaƙƙiyar nan mai nauyi da ke karya rassan itace, ta kwana uku tana zuba. Ranar farko wayar lantarki ta tsinke a kwari, duk ƙauyen ya rasa wuta. Masu murhun itace ba su damu ba. Akwatin ƙarfen Rafila kuwa ya zama akwati kawai. Da can ɗumin hayaƙi yakan sa ƙanƙarar ta zame daga jinkar tun ba ta taru ba. Wannan karo ta samu wurin zama ta zauna.

Rana ta biyu Saveta ta cika shebur da garwashi daga murhunsu ta miƙa wa mijinta.

"Kai wa Goggo ka hura. In Injiniyanka ya zo, ni ya kama."

Gligor ya fita da shebur a hannu, yana kare shi da jikinsa. Ya kai har bakin ƙofar Rafila. Nan iska ta taso, tartsatsi ɗaya ya tashi ya nufi wajen rumbu, ya mutu a cikin ƙanƙara tun bai yi taku uku ba. Gligor ya tsaya yana kallon inda ya mutu. Sai ya kife shebur ɗin a ƙasa, ya tattake. Ya zagaya ta bayan gidansa ya ɗauko bargon doki, ya shiga da shi.

Rafila tana kan gado, ta sa duk tufafin da take da su, sai hanci kawai a waje. Azarar rufi tana kuka a hankali, kamar ana taka tsohon tsani.

"Na ji ƙanshin wuta a bakin ƙofa," ta ce.

"Hancinki ne, Goggo. Tashi in goya ki zuwa wajenmu."

"Goya uwarka."

Ya lulluɓa mata bargon ya fito. Saveta ta tambaye shi, ya ce ya kai.

Rana ta uku da tsakar rana yana ba shanu ruwa ya ji wata ƙara. Ba mai ƙarfi ba ce, kamar dai ƙatuwar saniya ta yi nishi ta kwanta. Ya fito. Jinkar da yake buɗe ido a kanta tun ranar da ya san kansa babu ita. Bangon yana tsaye, amma saman ya rufta ciki gaba ɗaya.

Da shebur ya fara, ya ƙare da hannu. Karan ya jiƙe ya ruɓe, yana wari kamar tsohuwar rijiya, ɓeraye suna ta fita ta tsakanin ƙafafunsa. A ƙasan taga ya same ta, azara ta danne mata ƙugu. Ashe ta ji katako yana karyewa tun da sauran lokaci, amma ba ƙofa ta nufa ba, akwati ta nufa. Kyandir ɗin yana hannunta.

"Kunna," ta ce.

Gligor ya shafa aljihu. Igiya, wuƙa, katin mai kula da gida. Ba ya shan taba.

"Bari in ɗaga azarar tukuna."

"Bar azara. Kunna, ɗan Ispas. Ai ka ce to."

Ya fita da gudu, in ana kiran wannan gudu, ƙanƙara har cinya. Sau biyu yana faɗuwa. Ya fizgi durowar kicin har ta faɗo ƙasa, kwalayen ashana suka watse, sun fi hamsin. Ya damƙi biyu ya juya. Saveta ta yar da ludayi ta bi bayansa ko mayafi babu.

Ya tarar da idon Rafila a buɗe, kyandir yana tsaye a hannunta yadda ta riƙe shi. Ya durƙusa. Tsinke na farko ya karye, na biyu iska ta kashe, na uku ya kama. Ya kare harshen wutar da tafinsa.

"Ga shi, Goggo. Ga shi na kunna."

Saveta ta taɓa wuyan tsohuwar, ta sa kunci a bakinta. Sannan ta ɗaga kai ta dubi murhun, wanda azara ba ta faɗa kansa ba. A share yake tas, ko ƙwayar toka babu.

"Ka makara, Gligor," ta ce. Ta rufe wa Rafila ido.

Ranar Juma'a aka binne ta. Matan da suka yi mata wanka sun tambayi Saveta ko da haske ta tafi, Saveta ba ta iya ƙarya ba. Da aka zo ɗaukar akwatin gawa, maza huɗu suka kama kusurwa huɗu, ba a bar wa maƙwabci ko ɗaya ba. A wajen cin abincin makoki, kwalbar barasa ta zagaya teburi, da ta zo kansa sai ta tsallake.

Bayan kwana goma hanya ta buɗe, Injiniya ya iso da Corina da ƙaton zoben furanni. Ya tambayi inda kabarin Mama yake, aka nuna masa da hannu, ya ce za su biya in sun gama. Suka ɗauko igiyar awo.

"Babban rashi ne," ya ce, yana kallon tulin kara. "Amma mun gode Allah mun zo a kan kari. Kowane awo yana hannunmu. Za a iya sake tayar da shi a gidan tarihi, ko tsinke ba zai ɓace ba."

Ya tsuguna ya ɓanɓari azara, ta marmashe a hannunsa.

"Abin mamaki. Shekara ɗari biyu ƙwaro bai taɓa katakon nan ba, sai yanzu da aka fara kula da shi."

"Hayaƙi ne," in ji Gligor.

"Na'am?"

"Hayaƙi ke tsare shi. Shi ke busar da kara, shi ke hana ƙwaro. Ta gaya maka. Ni ma na sani tun ranar da ka tambaye ni."

Gligor ya tsaya yana jiran zagi, ko mari, ko a ce za a kira 'yan sanda. Da ya samu ɗaya daga ciki da ya ji sauƙi. Sai ya ga idon Injiniya ya yi haske.

"Corina, rubuta! Wannan muhimmin bayani ne, zai canza babi na uku gaba ɗaya. Malam Gligor, shekarunka nawa? Za mu sa sunanka a ƙasan shafi."

Gligor ya ciro katin nan daga aljihu ya ajiye a kan bangon. Iska ta ɗauke shi ta jefa cikin laka. Corina ta tsince ta goge, ta ce za a buƙace shi a fayil. Suka auna har la'asar. Furannin a bayan mota suka koma birni.

Washegari da safe Gligor yana zaune a teburi ya ga Saveta ta buɗe akwatinsu na ƙasan gado. Kyandir biyu ne a ciki, nasa da nata, tare suka saye su a kasuwar Kampeni shekarar da suka aurar da autarsu. Ta zare nata. Ta naɗe shi a ɗankwali, ta haɗa da kwalin ashana ɗaya, ta ɗaure.

"Ina za ki?"

"Gidan Iosana."

Iosana yayarta ce, tana aure a ƙetaren rafi, tafiyar rabin awa.

"Me za ki kai mata?"

"Na roƙe ta, ta yarda. In tawa ta zo, ita za a kira."

"Ina cikin gidan? Ina kwance kusa da ke?"

"Miyarka tana kan wuta. Kada ka bari ta kama."

Shekara talatin da ɗaya ke nan da aurensu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta buga ƙofa ba. Gligor ya tashi ya tsaya a taga. Ƙanƙara ta fara narkewa, hanya duk ta caɓe. Yana kallonta tana gangarawa a hankali, tana zaɓen inda za ta sa ƙafa, ƙunshin a ƙirjinta ta riƙe shi da hannu biyu, har ta hau gada.